Tambaya da Amsa: Daga Ina Yahudawa da Addininsu Suka Samo Asali?

Wasiƙu huɗu ne suka iso mana a kan magana ɗaya cikin 'yan makonnin nan, saboda haka muka haɗa su wuri guda, muka kuma ba ta farko fili mai faɗi domin a kanta sauran suka jingina.

TAMBAYA: Ni malamin makarantar sakandare ne a Gusau. Wani ɗalibina ya tambaye ni ko Bani Isra'ila da muke karanta labarinsu a cikin Alƙur'ani su ne Yahudawa, kuma ko Annabi Musa ne ya zo da addinin Yahudanci. Amsar da na ba shi ba ta gamsar da shi ba, ni ma kaina ba ta kwanta mini a rai ba. Ina roƙon a warware mana.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara basira. Ɗalibin naka ya kama zaren daidai inda ya cukurkuɗe, domin sunaye uku ne ake cakuɗawa a bakin jama'a, wato Bani Isra'ila, da Yahudawa, da ƙasar Isra'ila ta yanzu, alhali kowanne da zamanin da ya bayyana da kuma abin da yake nufi.

Mu fara da nasaba. Attaura da ke hannun Yahudawa ta ce Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya taso daga birnin Ur, wanda kufansa yake kudancin Iraƙi, ya zauna a Harran da ke kudancin Turkiyya ta yau, sannan ya gangara ƙasar Kan'ana. Jikansa Annabi Yaƙub ɗan Ishaƙa shi ne ake yi wa laƙabi da Isra'ila, kuma zuriyar 'ya'yansa maza 12 su ne Bani Isra'ila. Na huɗu cikin 'ya'yan nan sunansa Yahuda, wanda wasu littattafan tafsiri ke rubutawa Yahuza, kuma a ruwayar Attaura shi ne ya ba 'yan'uwansa shawarar su sayar da Yusuf ga fatake maimakon su zubar da jininsa. Daga sunan wannan mutum ɗaya kalmar Bayahude ta fito, amma sai da aka yi ɗaruruwan shekaru kafin ta rufe sauran sunayen.

Wannan shi ne abin da littattafan addini suka kawo. Masu haƙa kufai kuwa ba su da abin dogaro sai dutse da kasko da tsohon rubutu, kuma mafi daɗewar ambaton Isra'ila da suka samu a wajen littattafan addini yana jikin wani allon dutse na Fir'auna Marnaftah, wanda aka sassaƙa wajen shekara ta 1208 kafin Miladiyya, aka kuma tono shi a Masar a 1896. A rubutun Misirawa na dā akan liƙa wa kowane suna wata alama mai nuna ko gari ne ko ƙasa ko jama'a, kuma alamar da aka liƙa wa Isra'ila a wannan allo hoton namiji da mace ne a zaune, abin da ke nuna cewa marubucin ya san su a matsayin al'umma wadda ba ta da birni ko sarauta tukuna. Abin da Fir'aunan yake taƙama da shi a layin shi ne ya hallaka Isra'ila har irinta ya ƙare, ga shi kuwa yau fiye da shekara dubu uku ana karanta cika-bakin nasa a gidan adana kayan tarihi a Alƙahira. Shaida ta biyu mai nauyi ita ce gutsuren dutsen da aka samu a Tel Dan a 1993, wanda wani sarkin Aramiyawa ya sa aka rubuta a ƙarni na 9 kafin Miladiyya, yana ambaton "gidan Dawuda" a matsayin gidan sarauta.

Bayan rasuwar Annabi Sulaimanu, wajen 930 kafin Miladiyya, masarautar ta tsage biyu. Ƙabilu goma na arewa suka riƙe sunan Isra'ila, daga baya suka kafa babban birninsu a Samariya, su kuwa na kudu, wato ƙabilar Yahuda da ta Biliyaminu, suka tsaya a Ƙudus tare da zuriyar Dawuda, ƙasarsu kuma ta ɗauki sunan Yahuda. A 722 kafin Miladiyya Assuriyawa suka ci Samariya da yaƙi, suka kwashe mutanenta masu yawa suka watsa su cikin daularsu, inda suka narke cikin sauran jama'a. Wannan shi ne tushen maganar ƙabilu goma da suka ɓata, wadda har gobe al'ummomi daban-daban a Afirka da Asiya ke jingina asalinsu gare ta. Samariyawa, waɗanda yawansu bai kai dubu ɗaya ba a yau, suna nan a kan dutsen Garizim kusa da Nabulus da kuma garin Holon, suna cewa su ne ragowar arewa, kuma suna kiran kansu Bani Isra'ila ba tare da sun yarda a kira su Yahudawa ba. Su kaɗai sun isa misali ga ɗalibinka cewa sunayen biyu ba su zama ɗaya ba.

Masarautar kudu ta ƙara shekara 136 kafin nata ya zo. A 586 kafin Miladiyya Bukhtanasar sarkin Babila ya rushe Ƙudus, ya ƙone Haikalin, wato babban ɗakin bautar da Annabi Sulaimanu ya gina, ya tasa ƙeyar sarakuna da malamai da maƙera zuwa Iraƙi. Malaman tafsiri da yawa suna danganta wannan da ayoyin farkon Suratul Isra'i, wadda ake kuma kira Suratu Bani Isra'ila. A ganina nan ne mahaɗar labarin gaba ɗaya. A wancan zamani idan aka ci gari da yaƙi aka rushe ɗakin bautarsa, mutanen sukan ɗauka abin bautarsu ne aka rinjaya, sai su koma ga na wanda ya ci su, kuma ta haka al'ummomi irin su Mowabawa da Amonawa, maƙwabtan Bani Isra'ila, suka shuɗe ba su bar mabiya ba. Mutanen Yahuda suka fassara masifar da wata fassara dabam, suka ce Ubangiji ɗaya ne mai mulkin Babila da Ƙudus duka, kuma shi ne ya hore su saboda sun saɓa alkawari, sun bi gumakan maƙwabta irin su Ba'al, wanda Alƙur'ani ma ya ambace shi a ƙissar Annabi Ilyasu. Da yake babu Haikali babu sarki babu ƙasa, sai suka ƙanƙame abin da ake iya ɗauka a tafi da shi: nassi rubutacce, da hutun Asabar, da kaciya, da dokokin abinci.

A 539 kafin Miladiyya Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, ya ba su izinin komawa, aka kammala Haikali na biyu wajen 516. Farisawa suka kira ƙaramin lardin Yahud, har an samu tsabar kuɗi da hatimai masu ɗauke da wannan suna. Saboda haka a farkon lamari kalmar Bayahude tana tafiya ne kamar yadda muke cewa Bakano ko Bakatsine, wato mutumin ƙasa kaza, kafin ta zama sunan mai bin wani addini ko da a ina aka haife shi. A wannan zamanin ne Ezra, wanda wasu malamai ke ganin shi ne Uzairu, ya tara jama'a a dandali ya karanta musu Attaura, aka mai da ita dokar zaman gari. Mai lura zai ga cewa Alƙur'ani yana amfani da Bani Isra'ila a ƙissar Musa da Fir'auna, kalmar Yahud kuwa tana zuwa ne a surorin Madina irin su Baƙara da Ma'ida.

To, ko Annabi Musa ne ya zo da Yahudanci? Amsa uku ce, kuma adalci shi ne a faɗa wa ɗalibi kowacce tare da mai ita. Yahudawa sun ce addininsu ya kafu ne a alkawarin da aka ɗaura a dutsen Sina, kuma suna kiran Musa da laƙabin da ke nufin "malaminmu". Musulmi sun yi imani cewa Musa ya zo da tauhidin da dukan annabawa suka zo da shi, kuma Suratu Ali Imrana ta faɗa ƙarara cewa Ibrahim bai kasance Bayahude ko Banasare ba, tunda Attaura da Linjila ba a saukar da su ba sai bayansa. Masana tarihi kuwa suna cewa addinin a siffar da aka san shi yanzu, da majami'u da malamai da littattafan fiƙihu, ya ginu ne bayan rushewa biyu, ta Bukhtanasar da ta Rumawa.

Ta biyun ga yadda ta kasance. Bayan Farisawa sai Girkawa suka zo da Iskandar a 332 kafin Miladiyya, kuma a 167 wani sarkinsu, Antiyokus na huɗu, ya hana kaciya da Asabar ya ƙazantar da Haikali, abin da ya jawo tawayen Makabiyawa, waɗanda suka sake tsarkake wurin a 164, ake kuma tunawa da hakan a bikin Hanuka na kwana takwas. Rumawa suka shigo a 63 kafin Miladiyya. Sarki Hirudus ya faɗaɗa Haikalin, kuma katangar da ake ganin Yahudawa suna addu'a a jikinta a yau, wadda Musulmi ke kira katangar Buraƙa, ɓangare ce ta ginin da ya tokare farfajiyar. A zamanin Annabi Isa Yahudawa sun kasu ƙungiyoyi: Sadukiyawa, waɗanda ke riƙe da limancin Haikali kuma ba su yarda da tashin ƙiyama ba, da Farisiyawa, malaman da suka yarda da ita suka kuma yarda da ruwayar baka, da wasu masu zuhudu da suka ƙaurace wa birni. A shekara ta 66 Miladiyya tawaye ya ɓarke, a 70 kuma Titus, jagoran sojojin Rum, ya ƙone Haikalin. Har yau a birnin Rum akwai ƙofar nasara da aka gina masa, a jikinta an sassaƙa sojoji suna ɗauke da fitilar zinariya mai rassa bakwai a kafaɗa.

Da Haikali ya tafi, hadayar dabbobi ta tsaya, aikin limamansa ya ƙare, Sadukiyawa suka ɓace. Magadan Farisiyawa suka taru a garin Yabne ƙarƙashin Yohanan ɗan Zakkai, wanda ruwayarsu ta ce almajiransa ne suka fitar da shi daga Ƙudus cikin makara lokacin da aka yi wa birnin ƙawanya, kamar za su kai gawa. Su ne suka tsara cewa addu'a sau uku a yini ta maye gurbin hadaya, majami'a ta maye gurbin Haikali, malami kuma, wato rabbi, ya maye gurbin limamin gado. Abin da ya rage na limancin gado shi ne 'yan alfarmomi a wurin ibada da sunayen iyali irin su Kohen da Lewi. Tawaye na ƙarshe, na Bar Kokba, an murƙushe shi a 135, sarki Hadiriyan ya hana Yahudawa shiga Ƙudus, aka sauya sunan lardin zuwa Siriya Falasɗina.

Suna na uku kuwa, wato ƙasar Isra'ila ta yanzu, ɗan jiya ne idan aka auna shi da waɗannan. Aƙidar Sahayoniya, wato neman kafa wa Yahudawa ƙasa, harkar siyasa ce da ta taso a Turai, wadda ɗan jarida Tiyodo Hazal ya kira taronta na farko a Basel ta Suwizalan a 1897, Birtaniya ta mara mata baya da sanarwar Balfo a 1917, aka kuma ayyana ƙasar Isra'ila a 1948 cikin yaƙin da ya raba Falasɗinawa fiye da 700,000 da gidajensu. Akwai Yahudawa masu tsananin riƙo da addini da ke adawa da ita tun farko, bisa hujjar cewa komawa ba ta halatta sai Almasihun da suke jira ya bayyana, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar Isra'ila Larabawa ne, mafi yawansu Musulmi.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a jami'a a Maraɗi. Ina jin ana cewa Attaura, ana kuma cewa Talmud. Wanne ne littafinsu?

AMSA: Malama, duka biyun nasu ne, amma matsayinsu ya bambanta. Littafinsu mai tsarki suna kiransa Tanak, ya ƙunshi littattafai 24 a kashi uku: Attaura, wadda ita ce littattafai biyar da ake jingina wa Annabi Musa, sai littattafan annabawa, sai sauran rubuce-rubuce, waɗanda Zabura ke cikinsu. Shi ne Kiristoci ke kira Tsohon Alkawari, ko da yake jerin da ƙidayar sun bambanta. Attaurar da ake karantawa a majami'a ba bugun inji ba ce. Wani gwani ne ke rubuta ta da hannu a kan fata, da alƙalamin gashin tsuntsu ko na kara, haruffa 304,805, aikin da kan ci shekara guda, kuma idan harafi ɗaya ya ɓaci ba a karatu da ita sai an gyara. Mai karatu ba ya taɓa fatar da yatsa, sai da wani ɗan tsinken azurfa mai siffar hannu. Duk wanda ya taɓa zama kusa da alaramma yana rubuta Alƙur'ani da ka zai gane irin wannan taka-tsantsan. Mafi daɗewar kofe da ake da su an same su ne daga 1947, lokacin da wani makiyayi Balarabe ya tarar da tuluna cike da naɗaɗɗun fatu a kogon Kumran kusa da Tekun Gishiri, cikinsu har da cikakken littafin Ishaya mai tsawon fiye da mita 7, wanda aka rubuta kafin haihuwar Annabi Isa.

Talmud kuwa ya fi kama da tarin fiƙihu da muhawarar malamai. Asalinsa ruwayoyin baka ne da Yahuda Hanasi ya tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya a littafin da ake kira Mishna, mai manyan babi shida da suka shafi noma, da bukukuwa, da aure, da diyya da shari'a, da hadaya, da tsarki. Malaman baya suka yi ta sharhi a kanta, har aka samu Talmud biyu, na Falasɗinu wajen 400 da na Babila wanda aka kammala wajen ƙarni na 6, kuma na Babilan ne ya yi rinjaye, abin da ke nuna cewa Iraƙi ta riƙe jagorancin ilmin Yahudawa na tsawon ƙarnoni. Shafinsa zai tuna miki da littattafan zaure: matani a tsakiya, sharhin Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, a gefe guda, hashiyar almajiran gidansa a ɗaya gefen. Ganyensa 2,711 ne, kuma masu karanta ganye ɗaya kullum sukan sauke shi a kusan shekara bakwai da rabi. Malamansu sun ƙidaya dokoki 613 a cikin Attaura, daga ciki akwai kaciya ranar takwas da haihuwa, da haramcin naman alade da jini, da hana haɗa nama da madara, da barin kowane aiki daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar. Kalmarmu ta Asabar ma daga Larabcin sabt ta zo, wanda tushensa ɗaya da shabbat na Ibrananci.

TAMBAYA: Ni direba ne a Kumasi. Na ga Yahudawa farare fat, na ga masu kama da Larabawa, na kuma ga baƙaƙe daga Habasha. Ta yaya za su zama 'ya'yan mutum ɗaya?

AMSA: Ɗan'uwa, shekara dubu biyu da ɗari biyar na warwatsuwa ba sa barin fata yadda suka same ta. Tun kafin rushewar 70 Miladiyya akwai Yahudawa masu yawa a Iskandariyya da Babila da Rum, har akwai waɗanda suke da nasu ɗakin bauta a wani tsibiri kusa da Aswan a ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Duk inda suka zauna an yi auratayya, an kuma samu masu shiga addinin. Sarakunan Himyar na Yaman sun karɓi Yahudanci, kuma na ƙarshensu, Zu Nuwas, shi ne ya hallaka Kiristocin Najran wajen 523, abin da malaman tafsiri da dama ke dangantawa da mutanen rami na Suratul Buruji. Sarakunan Khazar, a arewacin tekun Kasfiyan, su ma sun shiga addinin wajen ƙarni na 8 ko na 9. Daga nan ne wasu ke cewa dukan Yahudawan Turai jikokin Khazar ne, amma binciken ƙwayoyin halitta bai goyi bayan wannan ba, domin abin da ya nuna shi ne cakuɗuwar jinin Gabas ta Tsakiya da na kudancin Turai.

Manyan rassa uku ake ambata. Ashkenazi su ne na Jamus da Foland da Rasha, masu harshen Yidish, kuma su ne Nazi suka fi yi wa kisan ƙare dangi a Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka kashe Yahudawa kimanin miliyan 6. Safardi su ne na Andalus, waɗanda aka kora daga Sifen a 1492, Sarkin Musulmi Bayazid na biyu na daular Usmaniyya ya buɗe musu ƙofa, wasu kuma suka sauka Maroko da Aljeriya. Mizrahi su ne na Iraƙi da Farisa da Yaman da Sham. Zamansu a ƙasashen Musulmi ya ga daɗi ya ga wuya: an yi Bayahude waziri a Garnaɗa, an kuma yi musu kisan gilla a wannan birni a 1066. Babban malaminsu Musa ɗan Maimun, haifaffen Ƙurɗuba wanda ya rasu a Masar a 1204, ya gudu daga tsanantawar Muwahhidai, masu mulkin Andalus a lokacin, ya ƙare yana likita a fadar gidan Salahuddin, kuma yawancin littattafansa da Larabci ya rubuta su amma da haruffan Ibrananci, kwatankwacin yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da ajami. Na Habasha kuwa, masu kiran kansu Beta Isra'ila, sun daɗe a yankin Gondar suna bin Attaura ba tare da Talmud ba, kuma an kwashe dubbansu ta Sudan a 1984, sannan fiye da 14,000 daga Addis Ababa cikin kwana biyu a watan Mayun 1991.

A shari'arsu Bayahude shi ne wanda uwarsa Bayahudiya ce, ko wanda ya shiga addinin a gaban kotun malamai, saboda haka su kansu ba su ce kowane Bayahude jinin Yaƙub ne tsantsa ba. Yawansu a duniya yanzu yana tsakanin miliyan 15 da 16, mafi yawa a Isra'ila da Amurka.

TAMBAYA: Ni dattijo ne a cikin birnin Kano. Na taɓa jin cewa zuwan Shehu Magili Kano yana da alaƙa da wata rigima da Yahudawa. Gaskiya ne?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma, abin da ka ji yana da tushe. Yahudawan arewacin Afirka sun daɗe cikin fataucin Sahara, musamman a Sijilmasa da dausayin Tuwat da ke kudancin Aljeriya ta yau, inda suke ƙirar zinariya da dillancinta. Sanin da suke da shi na hanyoyin hamada ya kai ga cewa shahararriyar taswirar nan ta 1375, mai hoton Mansa Musa zaune da kambi yana riƙe da curin zinariya, ana jingina ta ga wani Bayahude mai zanen taswira a tsibirin Mayorka, Ibrahim Kireskas. Wani ɗan kasuwar Italiya da ya sauka Tuwat a 1447 ya rubuta wasiƙa yana cewa Yahudawa suna da yawa a can, kuma suna zaune lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari.

Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan, da ya zauna a Tuwat sai ya ga cewa wannan ɗaukaka ta saɓa wa sharuɗɗan zaman amana, ya yi fatawar a rushe majami'arsu da ke Tamanɗiɗ. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ƙi yarda, aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis tambaya, su ma kansu ya rabu, wasu suka goyi bayan Magili wasu suka ce majami'ar da aka tarar ba a taɓa ta. Duk da haka aka rushe ta wajen 1492, shekarar da aka kori Yahudawa daga Sifen, aka kashe wasu, sauran suka watse. Bayan wannan ne Shehun ya keto hamada ta Ayar da Takadda, ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa littafin nasiha kan tafiyar da mulki, ya kuma zauna a Katsina, kuma har yau ana danganta unguwar Sharifai da zuriyarsa. Daga nan ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, a can ne labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Matafiyin nan Hasanul Wazzan, wanda ya ziyarci Tambutu a farkon ƙarni na 16, ya rubuta cewa sarkin ba ya barin Bayahude ya zauna a birnin, kuma yana ƙwace dukiyar duk ɗan kasuwar da aka samu yana hulɗa da su.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa biranen kudancin Sahara ba su samu unguwannin Yahudawa irin na Fas da Marakish ba. Sai wajen 1860 wani malamin Yahudawa ɗan garin Akka na kudancin Maroko, Mordekai Abi Sarur, ya kutsa Tambutu da fatauci, ya samu izinin zama bisa biyan jizya, ya jawo 'yan'uwansa har suka kai adadin maza goma da shari'arsu ta gindaya kafin a yi addu'ar jam'i.